Kuntigi da Ƙwarya

A shekarar 2011 ina ɗalibin Hausa, ina zaune a gidanmu na Jekadafari a Gombe, kullum in hau acaɓa zuwa makaranta in dawo da yamma. A zango na biyu malaminmu na waƙar baka ya ba mu aikin da zai ci kaso mai tsoka na makin darasin: kowa ya nemo kaset biyu, ko faifai biyu, na makaɗa daban-daban, ya saurare su tun daga farko har ƙarshe, sannan ya kwatanta su a rubuce. Ya ja mana kunne cewa ba waƙa ɗai-ɗai yake so ba. "Kaset sukutum za ku ɗauka," in ji shi, "ba a sanin makaɗi da waƙa guda."

Tun kafin mu fita daga aji an gama rabon Shata. Wasu suka haɗa shi da Musa Ɗanƙwairo, wasu suka ce za su jera Bakandamiyarsa da ta Narambaɗa. 'Yan zamani kuwa suka yi wajen Aminu Ala da Nazifi Asnanic da Nura M. Inuwa, waɗanda a lokacin babu wayar da ba ta ɗauke da muryarsu. Nasu aikin ya fi sauƙi, domin faifan yana zuwa da sunansa da hotonsa, ga jerin waƙoƙi a bayan kwali.

Ni ma da farko zuciyata ta tafi ga Shata da Ala, tsoho da sabo. Da na zauna da takarda sai na ga abin da zan rubuta bai wuce abin da kowa ya sani ba: wancan da kalangu, wannan da fiyano, wancan a dandali, wannan a situdiyo. Ga shi kuma Shata, da ya rasu a 1999, ya bar waƙoƙin da har yau ba wanda ya ƙididdige su. A ce an ɗauki kaset ɗaya an yanke masa hukunci da shi, ɗiban ruwan madatsar Daɗin Kowa ne da ludayi.

Baffana ne ya warware mini rabin matsalar. Da ƙuruciyarsa ya yi karen mota a manyan motocin da ke kwasar auduga daga Gombe, daga baya ya zama direba yana ɗaukar simintin Ashaka ya bi ta Bauchi zuwa Jos. Da ƙarfi ya ƙare sai ya koma zaman zaure, da rediyonsa mai cin kaset a gefen tabarma. Bayan La'asar na same shi na faɗa masa halin da nake ciki. Ya ce, "Ɗana, duk waɗanda ka lissafa manya suka fi yi wa waƙa. Mu wa ya taɓa tunawa da mu in ba Ɗanmaraya ba? Lokacin da ake kallon karen mota kamar ba ɗan kowa ba, shi ya sa mu a rediyo."

Goggo, matarsa, ta zo wucewa da tiren ƙuli-ƙulin da yara za su fita da shi, ta tsaya a bakin ƙofar shiga gida. Ta ce, "Malam, Ɗanmaraya ya yi ƙoƙari, amma daga zaure yake leƙenmu. Yaron nan in yana son jin abin da ke cikin ɗaki, ya nemi Barmani." Baffa ya yi dariya ya ce ai waƙar ƙwarya ba ta shiga jami'a. Ta ce da ba ta shiga ba, yau za ta shiga.

A nan na tsayar da shawara. Na ga mutum biyu ne da suke magana a kan gida ɗaya, gidan talaka, da aurensa da sana'arsa da talaucinsa, amma kowa daga inda yake tsaye. Abin da kwatance yake bukata ke nan: wuri guda da za a tsayar da mutum biyun, sannan bambancinsu ya fito da kansa.

Samun kaset ɗin ya zo daidai da lokacin da kasuwarsa ke mutuwa. Masu turi sun cika bakin titi da kwamfutocinsu, ka ba da 'yan kuɗi a cika maka katin waya, amma waƙoƙin a warwatse suke, wasu an yanke musu kai, wasu an laƙa musu sunan wani makaɗin. A cikin kasuwa aka nuna mini wani dattijo da har lokacin yake da kwalaye cike da kaset. Ya zaro mini biyu, kowanne an rubuta sunan makaɗin da biro a jikinsa. Na ce, "Baba, wane kamfani ya fitar da su?" Ya nuna ƙirjinsa. Shi ya zaɓi waƙoƙin daga wasu kaset ɗin, ya jera su yadda ya ga masu saye sun fi so, ya naɗa. Da na kai wa Malam wannan magana ina fargabar ya ƙi karɓa, sai ya ce in rubuta ta a gabatarwa, domin ta wannan hanya ce waƙoƙin suka isa kunnen yawancin mutane.

Mahaifina ba ya yarda da kiɗa a sashensa. Da na yi masa bayani ya tambaye ni sau ɗaya, "Karatu ne?" Na ce karatu ne, Baba. Ya ce to, in je in yi shi wajen Baffana. Haka zauren Baffa ya zama ɗakin nazarina. In an ɗauke wuta in sayo batir, in kuma ina tattalin batirin in zura biro a cikin kaset in mayar da zaren baya da hannu. Sai na rubuta kowace kalma kafin in fara nazari, bisa tsarin littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka: salsalar waƙa, tarihin makaɗi, turke da warwararsa, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe.

Na Ɗanmaraya bai ba ni wahalar ji ba. Adamu Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru, shi kaɗai ne da kuntiginsa, ɗan ƙaramin gwangwani da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya. Ba shi da 'yan amshi, don haka babu mai riƙe masa gindin waƙa ya huta. Wannan rashi ya mayar da shi gwanin wasan kwaikwayo: shi ne miji, shi ne mata, shi ne magulmaciya, shi ne kuma mai raba gardama. A Jawabin Aure yana jero wa ma'aurata wahalhalun da ke bin bayan saki yana roƙonsu su sasanta. A Gulma Wuya yana tona asirin mai shiga gidajen mutane tana kashe aure. Ko'ina ka same shi, alƙali ne mai tausayi, yana ba kowane ɓangare laifinsa.

Barmani kuwa sai da Goggo ta zauna kusa da ni. Hajiya Sa'adatu Barmani Coge, mutuniyar Funtuwa, kiɗan amada take yi, ƙore a kife ana dukansu, mata suna amsa mata, ga guɗa tana ratsa komai. Sau da yawa amshin yakan danne kalma, in yi ta maimaitawa ban kama ba, Goggo ta faɗa mini ita ba tare da ta ɗaga kai daga aikinta ba. Ta haddace su ne a gidajen biki da suna, ba a rediyo ba. Ita ta fahimtar da ni cewa Barmani ba alƙali ba ce, mai ƙara ce. Ba ta tsaya tsakanin miji da mata ba, tana cikin matan tsundum, in ta yi wa kishiya zambo da bakinsu take yi. Da muka zo kan A Kama Sana'a Mata, Goggo ta ajiye abin da ke hannunta ta lissafa mini matan layinmu da ke riƙe da gidajensu da ƙosai da ɗinkin hula da adashe, ta ce wannan waƙa ba nishaɗi ba ce a wurinsu, huɗuba ce. Akwai ɗiyan waƙar da ta sa hannu ta wuce da su, ta ce ba na kunnen maza ba ne, ba kuma na takarda ba. Na bar su, na kuma rubuta dalilin barin su, domin shi ma yana cikin tsarin amada: waƙa ce da aka gina don taron mata.

Hukuncin da na yanke a aikin har yau ina kansa. Ɗanmaraya ya fi tsara labari, waƙarsa tana da farko da tsakiya da ƙarshe. Barmani ta fi shi kusa da ciwon, domin abin da yake bayar da labarinsa ita a cikinsa ta rayu. Wanda ya saurari ɗaya ya bar ɗaya, rabin gidan Bahaushe ya ji.

Wuri ɗaya ne aikin ya zauna babu cikawa: shekarar da aka yi kowace waƙa. Kaset bai faɗa ba, mai kaset bai sani ba. Baffa yana auna lokaci da motar da yake bi, Goggo tana aunawa da goyon da ke bayanta. Na rubuta hakan yadda suka faɗa, na kai shagon buga takardu aka buga, na miƙa. A lokacin duka makaɗan biyu suna raye, ɗaya a Funtuwa, ɗaya a Jos, tafiyar yini guda daga Gombe, kuma ɗalibin da ya samu kuɗin mota zai iya zama gabansu ya tambaya. Barmani ta rasu a 2013, Ɗanmaraya ya bi ta a watan Yunin 2015.

Saboda haka ina roƙon ɗaliban Hausa na Gombe, na jami'a da na kwalejin ilimi, in an ba ku irin wannan aiki kada ku tsaya ga abin da mai turi ya zuba muku a waya. Akwai tsoffin direbobi a tashoshinmu, akwai iyaye mata a Jekadafari da Bolari da Pantami da suka san inda aka fara rera waɗannan waƙoƙi da abin da ya jawo su. Ku je ku gaishe su, ku naɗi maganarsu, ku rubuta ranar da kuka naɗa.