Abin Da Motar Wasa Ta Koya Mini

Jama'a, wasan tseren mota na Gran Turismo 4, wanda ya fito a Japan a 2004, ya kusa cinye mini zangon karatu guda. A hanyar Suzuka, duk kwanar da na sha sai bayan motata ya zame. Sai in fusata, in taɓa giya da birki da sifirin lokaci ɗaya, in rasa wanne ya gyara, wanne ya ɓata. Ran da na sassauta sifirin na baya kaɗai, mota ta kama ƙasa. Ashe abu ɗaya ake canzawa, a gwada, a rubuta. Da makina ya faɗi a jarrabawa, haka na yi wa karatuna: na rage wasan kaɗai, na jira sakamako. Alhamdu lillahi, na haye.