Tawa: abin da tsohon mai rubuta wasiƙa ya gani

Matafiyin da ya baro Yamai da asuba, ya bi ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, a Tsarnawa yake sakin hanyar Maraɗi ya miƙa arewa. Daga nan ƙasa take sauya kama: tuddai masu baƙin dutse, jar ƙasa, da kwaruruka inda ake noman rani. In ya wuce Badagishiri, sauran tafiya kaɗan ce. Kafin la'asar ga shi a Tawa, babban birnin Adar, bayan tafiyar kilomita wajen 550.

Tsofaffi sun ce garin ya taso ne daga ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakuwa. Yau akwai jami'a, wadda aka kafa a 2010, akwai lise mai sunan Agabba, ɗan sarkin Agadas da ya ci Adar da yaƙi, kuma bikin 18 ga Disamba na 2017 ya bar wa garin sababbin tituna da fitilu. Duk da haka Tawa ba ta daina zama ƙaramin gari ba. Ma'aikacin da aka yi wa sauyi zuwa nan yakan gane haka tun makon farko. Ana ba da labarin wani da ya zo daga Damagaram, ya hau kabu-kabu yana ta kukan tsadar haya da rowar mai gidan da ya kama. Yaron bai ce uffan ba. Da suka iso, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce ba ya cajin baƙon babansa.

Wanda ya fi kowa tara irin waɗannan labarai wani dattijo ne da ya yi shekaru yana rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Ya yi lakwal har aji shida, bai samu aikin gwamnati ba, sai ya samu tebur da benci da biro. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, yakan ɗauki teburinsa zuwa bakin kasuwa, domin a ranar ne mutanen Kalfu, Barmu da Afala suke shigowa bisa jakai, Buzaye kuma su sauko daga Azawak da raƙuma da cuku. Mata ne mafi yawan masu zama kan bencinsa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Adar ƙasar cin rani ce. Da an kai gero rumbu, maza sai su kama hanyar Abijan, wasu Kamaru, wasu Libiya, ba a sake ganinsu sai damina ta kusa, wasu ma sai bayan damina uku ko huɗu.

Saboda haka rabin asirin garin ta hannunsa ya bi. Ya san wanda ya aiko manda da wanda ya aiko alkawari. Ya san matar da ta ce a rubuta lafiya lau alhali tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. Ya ce aikin ba rubutu ba ne kawai, har da sassauci: in uwar miji ta faɗi magana mai zafi, sai ya rage mata gishiri kafin ta hau takarda. Wani zai ce wannan cin amana ne. To amma aure nawa ne ya tsira ta haka, Allah kaɗai ya sani.

Yana tuna maƙwabtansa na bakin kasuwa. Akwai mai shela, wanda yake yawo da sanarwar ɓatan akuya ko yaro da murya ɗaya, har wata rana ya yi shelar wata jar akuya tun safe, da yamma aka same ta cikin garken gidansa, ta bi nasa awakin. Akwai mai shayi da ya haddace kokowa kamar karatu. Shi ne zai gaya maka cewa a nan Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ya tafi da takobi, sannan ya ɗauke ka zuwa zamanin Kadade, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

Amma labarin da dattijon ya fi jinkiri a kansa na 1994 ne, shekarar da aka karya darajar sefa a watan Janairu, kaya suka yi tsada, ma'aikata kuma suna bin bashin albashi. Wata Lahadi wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauye na arewacin Tawa. Ɗanta ya tafi Abijan shekara bakwai, ba wasiƙa, ba saƙo. Masu dawowa kowa da abin da yake faɗi, har da masu cewa ya mutu.

Ya ce mata: "Inna, ina za a aika? Kina da adireshi?"

Ta ce: "Malam, in da ina da shi, da na zo tun bara. Kai dai rubuta. Ka ce mishi ubanai ya rasu, gona tana nan, ni kuma ƙarfi ya ƙare. In shina da rai, shi zo shi gan ni."

Ya rubuta, yana ganin asarar takarda ce. A bayan ambulan ya sa sunan yaron da na ƙauyensu, ya ba wani ɗan kasuwa mai komawa Abijan. Shi kuma ya kai ta Ajame, inda Adarawa suke da yawa, ya damƙa wa wani dattijo mai sayar da albasa, wai ko zai ji labari. Dattijon bai iya boko ba. Sai ya kira wani saurayi mai tura kaya da yake kwana a shagonsa wata da watanni, wanda kowa ya sani da laƙabi kawai, ya ce ya duba masa sunan da ke bayan takardar. Saurayin ya duba, ya sake dubawa, ya zauna ƙasa. Sunansa ne. Kunya ce ta sa ya ɓoye asalinsa, domin ya bar gida da alkawarin dawowa da kuɗin aure, ga shi ko kuɗin mota bai tara ba.

Masu jin labarin sukan ce ikon Allah, kuma haka ne. Mai wasiƙar yakan ƙara da cewa Ba'adare ko ya ɓata, cikin Adarawa yake ɓata: wurinsu yake kwana, tuwonsu yake ci. Abijan mai miliyoyin mutane, ga ɗan Tawa, ba ta fi unguwa biyu ko uku ba. Wannan zumunci ne ya maido da mutane da yawa gida lokacin rikicin Kodibuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011, da yaƙin Libiya na 2011, sa'ad da waɗanda suka saba aiko da kuɗi suka dawo hannu wofi, gidajen Adar suka ji a jikinsu.

Sana'ar tasa wayar salula ce ta kashe ta. Yanzu tsohuwa takan yi magana cikin waya, muryarta ta isa Abijan kafin ta gyara zama, da zafinta da komai, ba mai rage gishiri. Kuɗi kuma ta kamfanonin aike suke zuwa cikin minti kaɗan. Dattijon yana zaune a ƙofar gida, jefi-jefi a kawo masa takardar neman aiki ko ta fili ya duba.

Da aka tambaye shi ko amsar wasiƙar ta zo, sai ya yi dariya. Ya ce ba ta zo ba. Adarawan Ajame ne suka yi karo-karo, yaron ya iso da kansa kafin shuka, da rediyo ɗaya da turmin zane. Tsohuwar ta aiko masa da kaza. Ya ce shi dai ya yi asarar kuɗin karatun amsa, dala goma cif, kuma kazar ba ta da wani nama.