Laifin Wa Ne Idan Aka Haifi Mace?

A Laranto da ke Jos, kamar sauran garuruwanmu, har gobe akan ji magidanci yana ƙorafi wai matarsa ba ta haihuwa sai 'ya'ya mata. Wani ma yakan kai ga saki, ko ya yi mata kishiya don neman magaji, alhali masana sun daɗe da wanke baiwar Allah.

A ƙwayar halittar mutum akwai wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, biyu daga cikinsu ke rarrabe jinsi. Na mace X ne da X, na namiji kuwa X da Y. Saboda haka ƙwan uwa X kaɗai yake ɗauke da shi, maniyyin uba ne ke kawo X a sami mace, ko Y a sami namiji. Wata Ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta gano haka a jikin ƙwari a 1905, sa'an nan a 1990 masana a Landan suka gano ɗan gurbin nan na kan Y mai suna SRY, wanda ke mai da ɗan tayi namiji. Haka abin yake ga shanu da awaki.

Rashin haihuwa ma wani lokaci daga namiji yake. In wani yanki na Y ya gutsure, iri yakan ƙaranta a maniyyi ko ya ɓace, ko da mutum lafiyayye ne wajen iyalinsa. Don haka in za a je asibiti, miji da mata su tafi tare. Shi kansa uban ba ya zaɓe. Allah ne mai bayarwa, sai mu daina ɗora wa mata laifi.