Ruwan Tibiri da haƙoran yara

Na tsufa ina auna ruwa da ƙasa, ina koyar da kimiyyar sinadarai. Yanzu ina zaune gida a Sabon Gari, nan Maraɗi, ɗalibai kan zo gaisuwa su tambaye ni abin da aikin ya koya mini. Kullum Tibiri nake kai su.

A 1985 aka fara ba mutanen Tibirin Gobir ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa garau, ba wari, ba ɗaci, kowa na murna an huta da guga. Ashe yana ɗauke da sinadarin fuloraid da ya haura miligiram 4 a kowace lita, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaida iyaka a 1.5. Ba masana'anta ce ta zuba shi ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa. Shekara wajen 15 ana sha.

Uwaye ne suka fara gani. Haƙoran yaro su yi ja kamar na tsohon mai cin goro, ƙafafu su lanƙwashe, wani gwame wani baka, ciwon gaɓoɓi ya hana shi tafiya makaranta. Dubban yara abin ya shafa, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar da ke tafasa ruwa don ta kare ɗanta. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma fuloraid ba ya bin tururi, sai ma ya ƙara yawa cikin abin da ya rage a tukunya. Gwajin da zai tona wannan kuwa ba ya cin yini guda.

Shi ya sa nake ce wa ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wadda ke ɗauke da sunan masanin sinadarai ɗan garin nan: ƴaƴana, in kun je ɗibar ruwa a ƙauye, ku roƙi yara su buɗe baki kafin ku buɗe kwalba. Ku koma bayan damina ku sake aunawa. In sakamako ya fito, ku kai wa maigari da malamin asibiti da Hausa, kada ya tsaya a mujallar Faransanci.

Yau hankalina yana fadamar Jiratawa. Matashi na fesa maganin ƙwari kan zogale da tumatir, ba safar hannu, ba takunkumi, ya gama ya wanke tankin a bakin ruwa. Ruwan ƙasa kuwa a kwarin Gulbin Maraɗi, inda fadamar take, ba nisa gare shi ba. Idona ya yi rauni, ba na iya karanta ma'auni, amma duk ɗalibin da ya ɗauki binciken maganin ƙwari a wannan ruwa, ƙofata a buɗe take bayan La'asar.