Kwana Ɗaya A Unguwar Rimi

Tun tasowata ban taɓa zuwa wani gari na kwana inda ake biyan kuɗi ba. A gidanmu, wanda duk ya sauka a otal alhali yana da ɗan'uwa a garin, sai a ce ko dai gaba ce tsakaninsu, ko kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. To, da daminar bara aka kira ni Kaduna in ɗauki jarrabawar ƙarin girma. Na riga na faɗi sau ɗaya, in kuwa na sake, yaran da na koya wa riƙon fayil za su wuce ni. Wana yana Tudun Wada, amma ɗakinsa biyu, 'ya'yansa tara. Na san in na sauka can sai mun raba dare muna hira, ba zan ko buɗa littafi ba. Saboda haka ban aika masa ba.

Da na sauka tashar Kawo sai na hau keke mai ƙafa uku zuwa Unguwar Rimi, inda wani abokin aikina ya kwatanta mini wani ɗan masauki. Kaduna dai gari ne da aka shata da gangan, don a 1917 Gwamna Lugga ya taso da hedkwata daga Zungeru ya dawo nan, aka yanka wa manyan ma'aikata filaye masu faɗi. Shi ya sa har yanzu akwai layukan da za ka bi ba ka jin kome sai kukan kurciya.

Masaukin nan gidan wani dattijo ne da ya bar aikin gwamnati. Da 'ya'yansa suka watse sai ya gyara ɗakuna takwas yana saukar da baƙi. Ba giya, ba kiɗa. Shi da kansa ya rubuta sunana, ya ba ni rasit da mabuɗi, ya raka ni ɗaki. Na tarar da gado da gidan sauro, ga tebur da fitila, ga buta da darduma, har an yi alamar alƙibla jikin bango. Kuɗin kuwa, ba na ɓoye muku, kwana guda ya kai cefanen gidana na kwana huɗu, na kuma biya na kwana biyu. Da na dubi dattijon sai na tuna labarin da kakana yakan ba mu na fataken goro da ke zuwa Gwanja. Kowane zango suna da fatoma, watau mai masauki, wanda ke ajiye musu kaya, ya san sunan kowa.

Abin mamaki, shirun da na saya da kuɗina shi ya so ya hana ni barci. Ba daka, ba mai talla, ba kukan yaro. Amma na yi karatu har ƙarfe 12, irin wanda rabona da shi tun ina makaranta.

Da safe ina shan koko da ƙosai gindin mangwaro, sai dattijon ya zauna kusa da ni, ya ce, “Malam, ba ka da kowa a garin nan?” Na yi shiru, sa'an nan na gaya masa gaskiya. Ya kaɗa kai ya ce, “In ka fito daga jarrabawa kada ka biyo nan, ka fara zuwa ka gai da wanka.”

Na bi maganarsa. Ashe wani direban garinmu ya riga ya gaya wa wana an gan ni a Kawo. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗaga ido ba. Na ce, “Yaya, a yi haƙuri, karatu ne ya sa.” Bai ce kome ba, sai ya kira babban ɗansa ya ce ya je ya ɗauko jakata. Da yaron ya dawo sai ya miƙo mini ambulan, dattijon ya mayar da kuɗin kwana na biyu.

Daren nan a tabarma na kwana cikin zaure, ni da yara huɗu. Bayan wata uku sakamako ya fito, na ci. Na aika wa wana, ya amsa da cewa ya yi murna, a gai da baƙon otal.