Kun San Sunan Mai Yi Muku Aiki?

Yau zancen wani littafi na kawo muku, wanda na karanta a kwalejin horon malamai, har yanzu kuwa bai bar ni na huta ba. Sunansa July's People, wata Baturiyar Afirka ta Kudu, Nadine Gordimer, ita ta rubuta shi a 1981, zamanin mulkin wariyar launin fata, wanda bai ƙare ba sai 1994.

Ga yadda labarin ya ke. Maureen da mijinta Bam Turawa ne masu ƙin wariya, suna ganin kansu masu adalci. Suna da boyi mai suna July, shekara 15 yana yi musu aiki, suna biyansa, suna ba shi kwancen kaya. Marubuciyar ta ƙaga cewa yaƙi ya ɓarke a Johannesburg, sai July ya kwashe su da 'ya'yansu uku zuwa ƙauyensu ya ɓoye.

To, a nan fa asiri ya tonu. Ran da July ya riƙe makullin motarsu bai nemi izini ba, sai ransu ya ɓaci. Ashe kirkin nan nasu yana da iyaka, watau muddin makulli na hannunsu. Har wa yau, sai a ƙauyen nan Maureen ta fara jin sunansa na yanka, Mwawate. Shekara 15 ba ta taɓa tambaya ba!

Da na kai nan sai na yi tsaki, na ce halin Turawa ke nan. Amma laifi tudu ne. A gidanmu akwai yarinyar da ta yi mana wanke-wanke shekara huɗu. Nakan ba ta tsofaffin zannuwana, ina jin na yi abin kirki. Ni ina makaranta, ita tana bakin murhu, ban taɓa koya mata ko baƙi ɗaya ba. Ran da ta ce tana so ta je ganin uwarta, ni ce na fara cewa ta yi butulci.

Ban ce mu da masu wariya ɗaya mu ke ba, don su doka suka kafa. Amma ke uwargida, tambayi kanki yau: kin san garin mai aikinki da sunan uwarta? In ta ce miki a'a, kirkin naki zai tsaya?

Allah ya sa mu gyara, amin.