Rai Uku a Gidan Sauro Ɗaya

Daminar da nake ɗauke da cikina na biyu, muna zaune ne a wani gida da ke kusa da kududdufi a cikin birnin Kano. Da ruwan Agusta ya kankama, kwatar ƙofar gida ta cika ta tumbatsa, magariba na yi sai sauro ya fito kamar an yi gayyarsa. 'Yata ta fari, wadda alkunya ba ta bari in ambaci sunanta, tana da shekara biyu da rabi. Kowace safiya sai in tarar da tabon cizo a damatsanta da kumatunta, ta yi ta susa har ya zama gyambo.

Maganin da gidan ya sani shi ne fiya-fiya. Surukata, wadda muke kira Inna, ita ke yayyafa shi a kusurwoyin ɗaki bayan sallar isha'i, a rufe ƙofa na ɗan lokaci, sannan mu shiga mu kwanta. Sauro kam yana mutuwa. Amma wani dare, cikina na wata huɗu, warin ya hau mini kai, na yi ta amai, yarinyar kuma ta kwana tana tari. Na zauna a bakin gado na rasa mafita. In na hana yayyafawa, na miƙa 'yata ga sauro. In na yi shiru, ni da ita da wanda ke cikina za mu ci gaba da shaƙar gubar.

Ranar awo na kai kukana wurin malamar asibiti. Ta ce akasarin fiya-fiya maganin ƙwarin gona ne ake ɗurawa a ƙananan kwalabe ba tare da ma'auni ba, bai kamata a kwana da shi a ɗaki ba. Sannan ta faɗa mini abin da ya fi tayar mini da hankali: mai ciki garkuwar jikinta kan yi rauni, ƙwayar maleriya kuma kan taru a mabiyiya, inda jariri ke samun abincinsa. Uwa na iya yawo ba zazzaɓi, alhali jininta na raguwa, ɗan na tsumburewa, wani lokaci ma a yi ɓari ko bakwaini. Ni da na zo neman tsari ga yarinya ɗaya, ashe biyu ne a wuyana.

Ta ba ni ƙwaya uku ta maganin SP na haɗiye a gabanta. Ba a shan sa a watanni ukun farko, in ji ta, daga nan kuwa duk wata sau ɗaya, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ta haɗa mini da gidan sauro mai magani, ta ce in shanya shi a inuwa yini da kwana kafin a ɗaura.

Inna ba ta yi maraba da shi ba. "'Yar nan," ta ce, "tara na haifa, ban taɓa shiga wannan farin ƙyalle mai kama da likkafani ba." Na san uku daga cikin taran ba su kai shekara biyar ba, kuma zazzaɓin damina ne ya ɗauke biyu. Ban furta ba, don ba maganar da suruka ke faɗa wa uwar miji ba ce. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, an hana ni hawa kujera, hannuna kuma bai kai ƙusar ba. Ki taimaka mini." Ta daɗe tana kallona, sannan ta karɓi igiyar.

Kwana a cikinsa ba daɗi. In babu wuta, zufa ta jiƙa matashi, yarinyar ta yi ta shure-shure har ƙafarta ta manne da ragar, in farka in janyo ta tsakiya, in sake cusa gefen a ƙarƙashin katifa. Da yamma nakan sa mata riga mai dogon hannu da wando. Maigidan ya yashe kwata, ya kife tsofaffin tayoyi da gwangwanayen da ruwa ke kwanciya a ciki. Masu rabon maganin rigakafin damina, wanda ake ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, suka riƙa zuwa gida-gida duk wata, ban taɓa bari ya wuce ta ba. Duk da haka ta yi zazzaɓi sau ɗaya a Oktoba. A ranar muka kai ta gwaji, aka ba ta magani, kwana uku ta miƙe.

Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Ban iya rage wannan adadi ba, iyakar ikona gado ɗaya ne. A cikin sanyin Janairu na haifi namiji, ya cika watanninsa, ba a kuma ƙara mini jini ba.

Da damina ta zagayo, wani dare na farka na ji motsi a gefen gado. Inna ce, da fitila a hannu, tana cusa gefen ragar da ya zame, bakinta na motsi da addu'a. Na rufe idona don kada ta ji kunya.